Labulen Motar Baba

Lahadi, 7 ga Agusta

Gobe sai hanya. Tun safe na kasa zama wuri ɗaya, in haɗa kaya in kwance in sake haɗawa. Mijina Naoya ya leƙa jakata ya ga littattafai sun fi tufafi yawa, ya ce, "Tamaki, ɗakin karatu za mu buɗe wa kifaye?" Na ce ai duk ƙanana ne, babu wanda ya kai kaurin yatsa. Ya ce to yatsun mutum nawa ne a ciki.

Motar ta Baba ce, mahaifinsa. Da ya sayar da jirginsa na kamun ika, kifin nan mai hannuwa da yawa, sai ya sayi tsohuwar motar kaya ya dinga mayar da ita ɗaki da hannunsa: gado, murhu, 'yan akwatuna, har da ƙusar rataye hula. Wai shi da Inna, matarsa, za su zaga gaɓar ƙasar nan kaf. Amma ya hana ta ko leƙawa ciki, ya ce sai an gama. Labule kaɗai ya rage. Bara da kaka ya tuƙo ta nan Osaka ganin likita, wai kwana biyu zai yi. Bai fito daga asibitin ba. Tun lokacin tana bayan gidanmu tana shan rana.

Obon ɗin bana, bikin da matattu suke dawowa gida su yi kwana uku, shi ne dawowarsa ta farko. Inna ta kira daga tsibirinsu ta ce, "Na gama ɗinka labulen. Ku kawo min motar kafin a kunna wutar tarba ranar sha uku. In rataya, ya zo ya tarar an ƙarasa masa." Tun da na shigo gidansu wannan ne karo na farko da na ji ta roƙi wani abu.

Naoya ya so mu bi babbar hanya, yini ɗaya mun isa. Ni na ce mu bi gaɓa a hankali, gari gari, mu kwana a motar, tunda ba mu taɓa zuwa ko'ina ba bayan biki. Ya yarda. Ya samo wa motar gurbi a jirgin fito na yammacin Juma'a, da ƙyar, don a Obon kowa gida ya nufa.

Abin da ban faɗa masa ba: ɗan littafina mai shuɗin bango. Matar da ke ciki ta sauka daga bas a wani garin masunta da marubuciyar ba ta ambaci sunansa ba. Matakalar dutse daga bakin ruwa zuwa haikali, kantin gyaran agogo a tsakiyar matakalar, benci a ƙofarsa. A kan bencin nan rayuwarta ta fara. Jikina yana ba ni garin yana wannan gaɓar.

Litinin, 8 ga Agusta

Teku! Muna fitowa daga hanyar cikin dutse sai ga ta, ba sallama. Na yi ihu har Naoya ya taka birki.

Matashin kujerata har yanzu da ledarsa ta kanti, tana manne min a cinya saboda gumi, sai na yage ta na cusa a jakar shara. Naoya ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya fasa. Na ɗora ƙafafuna a gaba, iska tana shigowa da warin gishiri da busasshen kifi.

Mun tsaya wani gari da gidajensa suka tsoma ƙafa cikin ruwa, jirage suna kwana a ƙarƙashin ɗakuna. Ina cin dunƙulen shinkafa a kan katangar gaɓa sai shirwa ta sauko ta fauce shi daga hannuna. Wata tsohuwa mai shanya ika ta yi dariya har da riƙe ciki. "'Yar birni, a nan da baki ake riƙe abinci!" Naoya ma ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun kafin asibiti.

Babu labule, sai muka rataya tawul da rigarsa a tagogi. Akwai matakala a garin amma ta siminti ce.

Talata, 9 ga Agusta

Gari uku yau. Ba shi ba ne, ba shi ba ne, ba shi ba ne. Amma na ci ika ɗanye da har yanzu yake sheƙi kamar gilashi.

Laraba, 10 ga Agusta

Zafi. Gyare suna kuka kamar an biya su.

Da la'asar mun faka a wata 'yar tashar masunta, muna kallon jiragen ika suna fita, kowanne da jerin manyan ƙwayayen fitila a rataye. Naoya ya ciro hular Baba daga ƙusarta yana juya ta a hannu. Ina kwance a gadon baya da wani sabon littafi, na zo wurin da matar za ta yanke shawara ko ta hau jirgin ƙasa ko ta zauna. Na ji ya ce, "Ran da Baba ya fara fita da ni teku, kin san abin da ya yi?" Na ce, "Tsaya, saura shafi biyu."

Da na gama, ya riga ya mayar da hular ya fita duba taya. Na bi shi na ce ina ji. Ya ce ba wani labari ba ne. Matar ma ba ta hau jirgin ba.

Inna ta kira. Kafin ta gama gaisuwa Gwaggo Tomie, ƙanwar Baba, ta karɓe wayar. Muryarta ko ba a ƙara sauti ba duk tashar na ji. "Amaryarmu! Kuna ina? Mun gama dokin kokwamba, mun soka masa ƙafafu, yana nan a kan tebur zai ɗauko yayana da gudu. Saniyar gauta ma tana nan ta mayar da shi a hankali. Ku a kan wanne kuka taho? Kada dai ku ce saniyar kuka ara!" Na yi dariya na ce Juma'a muna tafe. Ta ce baƙi za su cika gidan, ana buƙatar hannu a kicin, kuma mutanen gari suna son ganin matar ɗan fari ko da gaske akwai ta.

Na ji Inna daga nesa tana cewa a bar yara su sha iska.

Alhamis, 11 ga Agusta

Ruwan sama tun asuba. Tawul ɗin tagogi sun jiƙe, motar tana warin kare. Sharar kwana huɗu tana bin mu a jaka, babu inda za a zubar, muka ɗan yi cacar baki a kan wa ya bar gwangwanin kifi ba a ɗauraye ba. Ni ce.

Mun kusa. Daga inda muka faka zuwa tashar jirgin fito ba nisa, Naoya ya ce gobe mu isa da wuri mu ci abinci a natse.

A gidan wanka na haɗu da wata dattijuwa, muna zaune cikin ruwan zafi har wuya. Ban san yadda aka yi na ba ta labarin matakalar ba. Ta ce, "Af, ai garin kakata kike faɗa. Matakalar dutse, haikali a sama, da kanti a tsakiya. Kun wuce shi jiya, hanyar tana sauka ta bayan makaranta, baƙo ba ya ganinta." Na ce kantin agogo ne? Ta ce ta manta, tana ƙarama, amma akwai benci.

Akwai benci.

Juma'a, 12 ga Agusta, da safe

Na faɗa masa komai, har na nuna masa shafin. Ya dubi taswira, ya ja iska ta haƙora, ya ce, "Da ɗan wuya fa." Shekara biyu da aurenmu, na san iyakar a'arsa ke nan, bai iya wadda ta fi ta ba. Na yi kamar ban sani ba. Na ce jirgi sai yamma, mu je mu dawo, kallo ɗaya kawai. Na riƙe hannun rigarsa.

Ya tada mota.

Juma'a, da yamma

Ban san ta inda zan fara ba.

Garin yana nan. Matakalar tana nan, ta dutse, gefenta duk gansakuka. Naoya ya ce zai jira a mota, bai ma kashe inji ba. Na hau da littafina a ƙirji. Kantin a rufe, ƙofar ƙarfensa ta yi tsatsa, ba a gane me aka taɓa sayarwa. Bencin ƙafarsa ɗaya ta karye. Ban zauna ba.

Matakalar cike take da mutane. Kowa da bokitin ruwa, tsintsiya, furanni, suna hawa wanke kaburbura kafin gobe. Yara suna rigima a kan wa zai ɗauki ludayi. Wani tsoho ya tsaya yana haki ya dube ni da fara'a ya ce, "'Yar gidan wa ce? Wurin wa kika zo?" Ni kaɗai ce a matakalar nan da ba ta zo wurin kowa ba.

Na sauko da gudu. Amma hanyar gaɓa guda ce, siririya, kuma duk ƙasar nan yau take komawa gida. Motoci masu lambar Osaka, Kobe, Hiroshima, hanci da wutsiya, ba mai motsi. Naoya ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon gaba. Na ce, "Za mu samu." Na sake faɗa. Ya kunna rediyo.

Da muka sauko gangaren tashar, bayan jirgin muka gani, fari, yana barin kumfa.

Matar da ke tagar tikiti ta yi ta sunkuyar da kai kamar ita ta yi laifin. Babu gurbin mota sai bayan Obon. Sai dai in wani ya fasa, a ba na farko a layin jira, kuma dole mota tana kan layi da direbanta. Mai tafiya da ƙafa kam akwai wuri gobe da safe.

Da ya yi min tsawa da na ji sauƙi. Ya koma gefe ya kira Inna, yana sunkuyawa kamar tana gabansa. Na ji ya ce, "Laifina ne, ban auna hanyar daidai ba." Ya dawo ya tambaye ni ko ina jin yunwa.

Asabar, 13 ga Agusta

Ya tafi da jirgin safe. Shi ne ɗan fari, shi zai riƙe ashana. Ni na ce zan zauna da motar a layi. Ya ce, "Ke? Yaushe rabonki da tuƙi?" Na ciro lasina, mai zinariya, irin wanda ake ba direban da bai taɓa laifi ba. Ta ina zan yi laifi, tun ranar jarrabawa ban sake taɓa sitiyari ba. A da abin dariyarmu ne. Yau ya duba kawai ya miƙo min makulli, ya nuna min giya da kuloci sau ɗaya, ya ce in kulle ƙofa.

Bai waiwayo ba a kan gadar shiga. Ko ya waiwayo ban gani ba, mutane sun yi yawa.

Jirgin yamma ya cika ya tafi. Ba wanda ya fasa. Wa zai fasa yau?

Da rana ta faɗi, gidajen da ke bayan tashar suka fara kunna karan rama a ƙofofinsu, 'yan wutace ƙanana a jere har saman tudu, da fararen fitilun takarda a gidajen da suka yi rashi bana. Hayaƙin ya zo har cikin mota. Kowa nasa ya iso.

Naoya ya kira. Ya ce, "An kunna." Na ce Inna fa. Ya ce tun jiya ta share rumfar mota ta yayyafa ruwa, kuma a bakin rumfar ta ce a kunna wutar, ba a ƙofar gida ba. Labulen yana ninke a hannunta har wutar ta mutu. Ta ce wa Baba, "Sannu da hanya. Motar tana tafe, ka yi haƙuri."

Ita take ba da haƙuri.

Lahadi, 14 ga Agusta

Na buɗe littafi na rufe. Na buɗe wani. Duk matan ciki suna tsaye a bakin taga suna jira, ruwan sama yana sauka a kan lokaci. Babu wadda fitsari ya matsa a layin jirgi.

A bayana akwai wata mata mai ƙaramar motar kaya cike da kankana, sunanta Sakae, za ta kai hamsin, da tawul ɗaure a kai. Ta ƙwanƙwasa min gilashi ta ce, "'Yar birni, mijin ya gudu ya bar miki mota? Kin ci riba. Nawa da motar ya gudu ya bar min uwarsa." Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta tsaya tana fifita da hula har na gama. Da na ba ta labari ba ta ce ba komai ba. Ta ce, "Kai, kin yi ɓarna. To kin iya ribas? Wannan jirgin da baya ake shigarsa."

Mun yini a filin bayan ɗakin ƙanƙara, wani dattijo yana tsare mana layi. Ta jera akwatunan kifi, in bi tsakaninsu da baya. Na taka biyu. Ta ce in na kashe na uku ni zan auri akwatin.

Da yamma na ɗebo ruwa a famfon tashar na wanke motar ciki da waje. Ina goge ƙarƙashin ƙofar gefen fasinja hannuna ya taɓa wani ƙarfe, na ja, sai ga ɗan matakin katako ya zaro. An goge shi sumul, an manna masa roba kada ƙafa ta zame. Inna ce mai ciwon gwiwa. Daga nan sai na fara gani. Madubin da ke jikin akwati, wanda kullum nake mita sai na duƙa, daidai tsayinta ne. Mariƙin da ke saman ƙofa an sauko da shi ƙasa. Kofi biyu, ɗaya mai babban hannu don yatsunta.

Da matashin kujera. Da ledarsa. Ba wanda ya taɓa zama a kai, ita ake jira. Ni na yage ledar ranar farko na ɗora ƙafa a gaba ina waƙa. Naoya ya buɗe baki ya fasa.

Kwana biyar ina cikin motar nan ina neman gari a bayan gilashi.

Litinin, 15 ga Agusta

Wani ya fasa! Gurbi ɗaya, a jirgin safe. Na dubi Sakae, ta ce, "Me kike kallo? Kankana ba ta da suruka. Wuce!" Ta dungura min guda ɗaya a kujera, wai kada in shiga gidan mutane hannu wofi.

Motar ta mutu min sau biyu a kan gadar shiga. Masu tuta suna busa usur, fasinjoji sun jeru a sama suna kallo, gumi yana shiga min ido. Daga can baya ina jin Sakae: "Hagu, 'yar birni! Hagunki, ba na maƙwabta ba!" Na shiga. A karkace, amma na shiga. Ban ma karɓi lambarta ba.

Naoya yana bakin tasha da baƙar riga. Ya zo ta gefen direba zai karɓa, na ce ya bari in ƙarasa. Ya dube ni, ya zagaya. Na ce kada ya zauna a kan matashin. Ya ɗauke shi ya riƙe a cinya.

Gidan cike da takalma har waje, malamin haikali ya zo ya tafi tun jiya. Gwaggo Tomie ce ta fara hango mu, ta fito da faranti a hannu: "Jama'a ku ba da hanya, saniya ta iso! Amaryarmu, sannu da kiwo. Kwanukan kwana biyu na ajiye miki, kada ki ce ba a yi da ke ba." Mutane suka yi dariya. Na gode mata a raina, dariyar ta fi shirun sauƙi.

Inna ta fito a hankali. Ba ta dube ni ba, motar ta duba. Ta zagaya ta tana shafa jikinta da tafin hannu. Ta ce, "An wanke ta." Na durƙusa a kan tsakuwa na fara maganar da na kwana biyu ina shiryawa, cewa ba Naoya ba ne, ni ce. Ban kai rabi ba ta miƙo min bakin yadi ta ce, "Riƙe min nan."

Shuɗi ne mai duhu, da ƙananan fararen raƙuman ruwa, ɗinkin hannu. Ita tana waje tana miƙowa ta taga, ni ina ciki ina zurawa a waya, don ta ce ba yau za ta shiga ba. Duk sun zauna daidai sai na tagar baya, ya gaza da kamar faɗin hannu. Ashe daga waje ta auna su da ido, ta tagar rumfa, lokacin da Baba yake hana ta shiga. Ta tsaya tana kallon gibin. Sai ta juya wajen ɗakin da hotonsa yake ta ɗaga murya: "Ka gani ko? Da ka bar ni na shiga!"

Ta yi dariya. Gwaggo ta shige kicin da sauri tana cewa albasa.

Kwana uku ya zo yi. Dare ɗaya kawai zai ga motarsa da labule.

Talata, 16 ga Agusta

Yau aka raka Baba. Maƙwabta sun saƙa masa ɗan jirgi na karan shinkafa, tsawon hannu biyu, aka zuba masa shinkafa, da ika busasshe, da taba, da yankan kankanar Sakae. A kafaɗa ake kai shi gaɓa. Inna ta ce a'a, a sa shi a mota, a kan gadon.

Ta zo ƙofar gefen fasinja ta tsaya tana neman inda za ta kama. Na duƙa na zaro matakin. Ta daɗe tana kallonsa. Ba ta san da shi ba. Ta taka, ta kama mariƙin ba tare da ta miƙa hannu sama ba, ta zauna a kan matashin. Na ce mata da leda a jiki, ni na cire. Ta ce, "Leda a wannan zafin? Kin kyauta."

Ban kyauta ba, ta sani, na sani.

Naoya ya nufi sitiyari ta ce, "Kai gudu gare ka kamar ubanka. Zuwa ake yi a kan doki. Komawa a kan saniya ne. Tamaki ta ja mu."

A giya ta ɗaya na bi garin. Mutane suna tafe a gefenmu da ƙafa suna wuce mu. Gwaggo daga baya tana riƙe da jirgin tana cewa ko kunkuru ya ba mu kunya. Inna ta zuge labulen gefenta ta buɗe, ta sake zugewa, ta buɗe. Ta nuna wa Baba kantin da aka rushe, da sabon rufin makaranta, kamar yana zaune tsakaninmu.

Naoya ya shiga ruwa har gwiwa ya saki jirgin. Ya ɗan yi jinkiri a bakin duwatsu, sannan igiyar ruwa ta ɗauke shi. Inna ta ce, "Sai baɗi. Ka zo da wuri." Na sunkuyar da kai. Ban san shi ba sosai, sau huɗu muka haɗu, kuma duk lokacin ina jin kunyar warin kifin da ke hannunsa. Da na tambaye shi ko abu ɗaya game da motar nan.

Obon na farko ba ya dawowa. Na yi ta juya wannan a raina yini guda.

Laraba, 17 ga Agusta

Kwanuka. Gwaggo ba wasa take ba.

Alhamis, 18 ga Agusta

Naoya ya koma, aiki gobe. Na kai shi tasha da motar, sau ɗaya kawai ta mutu. Har yanzu maganarsa gajera ce da ni, ban san zuwa yaushe ba. A bakin gada na ce, "Ranar Laraba ka fara ba ni labari, ran da Baba ya fara fita da kai teku." Ya gyara jakarsa ya ce dogo ne. Na ce ba abin da nake karantawa. Ya ce, "To, a waya." Wannan karon ya waiwayo, na gani.

Ni zan ɗan ƙara kwana. Ba don komai ba, Inna ba ta tuƙi, kuma mota in ba a tada ta batirinta mutuwa yake, kowa ya san wannan. Gobe za mu ɗan zaga da ita zuwa ɗaya ƙarshen tsibirin, inda hasumiyar fitila take. Inna ta ce shekara arba'in tana jin labarin wurin a bakin Baba daga teku, ba ta taɓa ganinsa daga tudu ba. Ta dafa shinkafa da yawa, ta kuma ɗauko bargo, ban tambaye ta dalili ba.

Ɗazu ta shiga gwada gadon, rana tana shigowa ta gibin labulen baya tana dukan idonta. Na duba abin da zan toshe da shi, hannuna ya faɗa kan mai shuɗin bangon. Na jingina shi a tagar. Ya rufe wurin daidai.

Ta ce, "Ba kya karanta shi ne?" Na ce na san yadda ya ƙare.

Sai in tuna in duba iskar taya da safe.